Ɗana ɗan shekara uku zuciya ta yi masa yawa, duka ya ƙi aiki, ku ba ni shawara

Maman Walid:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Dan Allah kuyi haƙuri zan ɗan ja bayani, abin ne ya cika min ciki na rasa wa zan faɗawa. Ina da yaro ɗan shekara uku da wata bakwai, shine na fari, sai ƙanwarsa da na haifa wata huɗu da suka wuce. Da can ma yana da 'yar rigimarsa irin ta yara amma tunda akayi haihuwar nan wlh kamar an canza min shi, abu kaɗan sai ya zube ƙasa yana birgima yana shure-shure yana ihu har maƙwabta su leƙo, wani sa'in har kansa yake bugawa da bango ko ya gantsara wa hannunsa cizo.

Shekaranjiya da safe abinda ya haɗa mu bai taka kara ya karya ba. Na zuba masa shayi a jan kofi saboda shuɗin da ya saba sha dashi yana cikin wanke-wanke, kawai yaron nan ya ture kofin shayi ya malale a ledar ɗaki, ga jaririya a bayana tana tsala kuka ga wake a wuta, bansan sanda na cire silifas na rufe shi da duka ba ina cewa haɗiye kukan nan, haɗiye shi nace! Ya haɗiye ɗin kuwa, ya koma bayan kujera ya rakuɓe yana ta ajiyar zuciya. To abinda ya hana ni barci shine da yamma na shiga ɗaki na same shi tsaye a kan ƙanwarsa tana kuka a katifa, ya ɗaga ɗan silifas ɗinsa yana ce mata "haɗiye! haɗiye nace!" da irin muryata sak har yadda nake zare ido. Allah ya taimake ni na shigo da wuri. Jikina duk ya mutu, na zauna nima nayi ta kuka.

Hajiya surukata tace sangarta ce, wai ban fara dukansa da wuri ba shiyasa. Babansa yace namiji ne kuma zuciyar gidansu ce ya gado in rabu dashi. Ummana kuma tace in kawo mata shi ya yi wata biyu a wajenta. Ni kuma ga kunyar ɗan fari, a gaban Hajiya ko ɗaukarsa bana iya yi balle rarrashi. Dan Allah masu yara ya kuke yi? Duka ne bai isa ba ko dukan ne ma yake ƙara lalata shi?

Kakar Yara:

Wa alaikumussalam ɗiyata. Share hawayenki, babu uwar da bata taɓa kai hannu cikin fushi ta dawo tana nadama ba. Ni takwas na haifa, jikoki kuma sun fi ashirin, abinda kika faɗa ɗin nan kishi ne ba komai ba. Jiya-jiya shi kaɗai ne a cinyarki yau ya wayi gari wata ta karɓe cinyar ta karɓe bayan ta karɓe nonon, kowa ya shigo barka ita yake ɗauka, shi kuma sai "matsa can kar ka danne ta". Babba ma aka yi wa haka ya ya ƙare balle yaro.

Ni bazan ce miki mu bamu daki yara ba, mun daka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma akwai abinda 'yan yanzu kuke mantawa idan kuna cewa iyayenmu sun dake mu. A gidan da na tashi mu fi talatin ne, idan uwa ta ɗauko tsumagiya kafin ta yi biyu yaro ya ruga bayan kaka ko goggo ko abokiyar zaman uwar tasa, a ce ayi haƙuri ya tuba, a zaunar dashi a share masa majina a bashi ɗan ƙanzo, in ya huce a ce to kai ma me ya sa kayi kaza, je ka ba innarka haƙuri. Kinga akwai mai faɗa akwai mai ceto, yaro bai taɓa kwana da kuka a cikinsa shi kaɗai ba. Ku kuwa yanzu kuna gidan haya ke ɗaya ƙofa a rufe, ke ce mai dukan kuma babu bayan wanda zai ɓuya sai bayan kujera. Wannan ba irin namu bane.

Kar ki kai shi wajen Ummanki yanzu, zai ɗauka an kore shi ne saboda baƙuwa. Ko yaye da ake kai yaro gidan kaka na ga yaran da suka dawo suna ƙin uwar tasu sati da sati. Ki jawo shi jiki, ki ce Yaya miƙo min zanin ƙanwarka, Yaya zo ka riƙe min sabulu, idan tayi barci ki ɗora shi a cinya ko na minti goma ne. Kunyar ɗan fari kuma a gaban mutane ake yinta, in kun shiga ɗaki ɗanki ne.

Malama Rabin Aji:

Maman Walid sannu da ƙoƙari. Mama Kakar Yara ta gama magana wlh, ni dai zan ƙara da abinda muka karanta da wanda nake gani kullum, shekarata tara ina koyar da 'yan rabin aji, yara talatin da wani abu a gabana duk sa'annin ɗanki.

Abu na farko da nakeso ki riƙe, yaro ɗan shekara uku bashi da birki. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da yake bayan goshi, wanda shine yake taka wa mutum birki idan ransa ya ɓaci ya ce masa dakata tukuna, shine yake zuwa ƙarshe wajen nuna, baya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Fushi da tsoro kuwa tun yana jariri suke aiki da ƙarfinsu. Shiyasa birgimar nan ta fi yawa tsakanin shekara ɗaya da huɗu a ko'ina a duniya, ba gadon gidansu bane kawai. Idan ya zube ƙasa saboda kofi ba wai ya zauna ya shirya zai ɓata miki rai bane, abin ne ya fi ƙarfinsa, kuma a wannan lokacin ko wa'azin duniya zaki masa baya ji.

To ta ina yake koyon hucewa? A jikinki. Ki duba jaririyarki, in tana kuka kika goya ta kika jijjiga kina ɗan waƙa sai numfashinta ya daidaita, ba ita ta kwantar da kanta ba, natsuwarki ta ara. Walid ma har yanzu aro yake, sai an yi masa haka sau ɗari sau dubu sannan a hankali ya fara iyawa da kansa. Akwai wani gwaji da wani masani ɗan Amurka Edward Tronick ya yi a shekarun 1970, uwa tana wasa da jaririnta sai a ce ta ɗaure fuska ta yi shiru na ɗan lokaci kamar minti biyu, kar ta yi murmushi kar ta amsa. Jaririn zai yi ta ƙoƙarin jawo hankalinta, ya yi dariya ya miƙa hannu ya yi ƙara, in ta ƙi sai ya rikice ya kau da kai ya fashe da kuka. Amma abinda ya fi burge ni a ciki, da ta saki fuska ta dawo masa, yawancinsu a hankali suke komawa wasa. Wato ɓatawar ba ita ce ƙarshe ba in dai ana dawowa a gyara. Shiyasa ni a wajena ba laifi bane ki same shi bayan abin ya wuce ki ce ɗazu raina ya ɓaci na dake ka, ban ji daɗi ba, zo nan. Ba zai raina ki ba.

Kuma haɗiye kuka daban hucewa daban. Wanda aka ce ya haɗiye shiru kawai yayi saboda tsoro, fushin yana nan, sai ya nemi wanda bai kai shi ƙarfi ba ya sauke masa, a gida ƙanwa a makaranta ɗan ajinsu. Ni da safe ina iya gane yaron da aka daka kafin ya fito, ko ya zo ya takure baya magana ko kafin tara ya ture wani.

Wata masaniya Diana Baumrind tun shekarun 1960 a Kalifoniya ta kasa iyaye gida uku. Akwai masu tsanani zalla, umarni da hukunci babu jan yaro a jiki. Akwai masu sakaci da doka, so kamar me amma yaro ya yi abinda ya ga dama, wannan shine sangarta ta gaskiya. Sai na ukun da suka haɗa biyun, akwai doka ba ta motsi kuma akwai tausayi da bayani, kuma 'ya'yan waɗannan ne aka ga sun fi iya riƙe kansu. Kinga rarrashi ba shine sangarta ba, sangarta ita ce ya yi birgima don biskit ki ɗauko biskit ɗin ki bashi.

Yadda nake yi a aji: in yaro ya zube na fara duba ba abinda zai ji masa ciwo, na durƙusa daidai tsayinsa, na rage murya, kalma kaɗan. "Ka ji haushi, shuɗin kofi kake so." Shikenan, na faɗa masa sunan abinda yake ji, haushi ne ko tsoro ko gajiya ko kishi, domin yaron da ya san kalmar haushi wata rana zai ce na ji haushi maimakon ya yi jifa. In zai kai duka na riƙe hannun a hankali na ce ba a duka, bana saki kuma bana ƙara magana. In ya huce, sannan ne ake maganar shayin da ya zubar, ki bashi tsumma ku goge tare. Sati na farko zaki ga kamar ma ƙaruwa abin yake saboda yana gwada ko dokar da gaske ce, kar ki karaya.

Baban Ilham:

Malama da girmamawa amma ni ban gamsu gaba ɗaya ba. Duk sunayen da kika kawo Turawa ne, a kan 'ya'yansu suka yi bincikensu, mu kuma tarbiyyarmu daban. Mu nan mahaifinmu dorina ce rataye a bayan ƙofa, a makarantar allo ga bulalar malam a boko ga kamun kunne da tsallen kwaɗo, kuma gamu Alhamdulillah babu ɗan iska a cikinmu, har yau bana iya haɗa ido da Baba in yana magana. Yaran yanzu da ake durƙusa musu ana tambayarsu me suke ji su ne zaka ga yaro yana mayar wa uwarsa magana a gaban baƙi.

Amma gaskiya ɗaya zan faɗa tunda ba a san fuskata ba a nan. Ni ina da zuciya, in raina ya ɓaci bana iya magana, ko dai in fice daga gidan ko in fasa wani abu, matata ta sha cewa bata san abinda yake raina ba sai ya fashe. Kuma ranar da mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara goma sha ɗaya wani kawunmu ya ce min namiji baya kuka, ban yi ba, har yau ban yi ba, kuma abin yana nan a ƙirjina. To bansan ko wannan yana cikin abinda kike faɗa ba. Ni dai har yanzu ina ganin ɗan tsawa da ɗan ranƙwashi wani lokacin dole ne.

Malama Rabin Aji:

Baban Ilham Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Yana ciki mana, shine ma ainihin maganar, ladabi ka samu amma ba wanda ya nuna maka inda zaka kai baƙin ciki. Maganar Turawa kuma kana da gaskiya yawancin binciken a can aka yi, sai dai wanda wata masaniya Elizabeth Gershoff da abokin aikinta suka fitar a 2016 sun tattara binciken kusan shekara 50 ne a kan yara sama da 160,000, kuma basu ga duka yana ƙara biyayya ba, abinda suka ga yana tafiya tare dashi shine ƙarin faɗa da taurin kai da damuwa. Ni bance a bar yaro ya mayar wa uwarsa magana ba, a ajina ba mai yi, kuma bana riƙe bulala.

Abu Abdirrahman:

Bismillah. Baban Ilham ɗan uwa, tausasa wa yaro ba daga Turai aka kawo mana shi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u bin Habis yana zaune ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya dube shi ya ce wanda baya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Anas bin Malik yana yaro ya yi masa hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Yana limanci in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita sallar saboda uwar. Har ƙanin Anas ɗin nan, Abu Umair, da ɗan tsuntsun da yake wasa dashi, Annabi yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Shugaban al'umma kenan da duk abinda yake kansa, bai ga damuwar ƙaramin yaro ta yi ƙanƙanta da zai kula ta ba.

Hadisin da mutane suke kafa hujja dashi kuma na Abu Dawud, cewa yayi a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, maganar duka sai a goma, kuma a kan salla, bayan shekara uku ana koyarwa. Ina wannan ina ɗan shekara uku da ya zubar da shayi. Malamai kuma sun yi sharaɗi ko a can ɗin, banda fuska, banda mai jin ciwo, banda cikin fushi.

Maman Walid 'yar uwa, maganin da aka bamu na fushi ke zaki fara sha kafin yaron. Ki yi a'uziyya, in kina tsaye ki zauna, ki yi shiru, in da hali ki ɗauro alwala. Kuma ki yi a gabansa da ƙarfi yana ji, ki ce raina ya ɓaci bari in zauna, A'uzu billahi. Yaron da ya kwaikwayi silifas zai kwaikwayi wannan ma. Sannan ki kiyayi bakinki a kansa lokacin fushi, bakin uwa ba abin wasa bane. Maigidan naki kuma a gaya masa da ladabi, cewa zuciyar gado ce bai sauke masa nauyi ba, in ya dawo ya ɗauki yaron su fita ko masallaci ne ke ki samu ki numfasa.

Anti Nas:

Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo. Na farko dan Allah daga yau kar ki sake barinsa shi kaɗai da jaririyar ko na shiga banɗaki ne, ba don mugu bane, bai san illar abinda zai yi bane. Ki goya ta ko ki tafi dashi.

Sai ki duba barcinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare har da na rana, kallon waya ko talabijin kuma kar ya wuce awa ɗaya, in ya gaza haka ma ya fi. Gidan da akayi haihuwa yawanci duk wannan rushewa yake, yaro ya kai sha ɗayan dare ido biyu, a miƙa masa waya ya yi ta kallon katun don uwa ta samu ta shayar, ranar da aka karɓe wayar kuma a ga tashin hankali. Ki lura da lokacin da yake birgimar, zaki ga yawanci kafin cin abinci ne ko lokacin da barci ya cika masa ido.

Baki faɗa ba ko yana shiɗewa in yana kuka, wato ya ɗauke numfashi leɓensa ya canza kala. In yana yi kar a watsa masa ruwa kar a girgiza shi, a kwantar dashi ta gefe zai dawo da kansa, amma a kai shi asibiti a duba jininsa domin sau da yawa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Haka in har yanzu baya haɗa jimla, ko baya kallon ido in ana masa magana, ko buga kan nan yana kai shi ga rauni, a ga likitan yara.

Ke kuma fa Maman Walid, ya naki barcin? Wata huɗu da haihuwa, in kin ga kullum ranki a ɓace kina kuka ba dalili abinci baya miki daɗi ko kina jin ke ba uwar kirki bace har ya wuce sati biyu, akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa kuma ana maganinsa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika kai rigakafi, ba abin kunya bane.

Maman Walid:

Na dawo bayan kwana tara, Allah ya saka muku da alheri wlh na karanta kowanne ya fi sau uku. Baya shiɗewa Anti, amma barcin kam kin gano, sai sha ɗaya yake kwanciya, yanzu na dawo dashi takwas da rabi kuma ni ma na faɗa wa nas ɗin rigakafi halin da nake ciki ta ce in dawo ranar Talata mu zauna.

Ranar Juma'a a shagon bakin layinmu ya ga alawa na ce a'a ya zube a ƙasa mutane na kallo, mai shagon har ya miƙo masa na ce ya bari dan Allah, na durƙusa da goyo a bayana na ce ka ji haushi kana son alawa, yau ba alawa, gabana sai faɗuwa yake don kunya, ya yi kamar minti biyar sannan ya taso ya kama zanina muka tafi yana shessheƙa. Amma bazan ɓoye ba sau biyu a satin nan na daka masa tsawa sau ɗaya kuma na kai hannu, da daddare na bashi haƙuri kamar yadda Malama tace, ya kalle ni yace "Ummi kin ji haushi?" Matsalar da ta rage Hajiya ce, ta ga na durƙusa ina masa magana tace wannan wane sabon salo ne uwa tana roƙon ɗa, ni kuma bana iya musu da ita. Mama Kakar Yara ya zanyi?

Kakar Yara:

Kar ki yi musu da ita ɗiyata, kar ma ki kawo mata maganar bincike ko malamar makaranta. Ki bari sai tana cikin raha ki ce Hajiya wai babansa ma haka ya yi rigima da aka haifi ƙaninsa, ya kuka yi dashi? Zata buɗe baki ta baki labari, kuma zaki ji a ciki akwai wadda take ɗauke shi ta rarrasa. Daga nan ki ce to Hajiya in ya fara ni zan tsaya a kan a'a, ke kuma ki zama wajen gudunsa, amma banda bashi abinda na hana. In akwai abinda ya fi haka nauyi ɗanta ne zai faɗa mata ba ke ba. Ranar Talatar nan kuma ki je, ki bar mata Walid ɗin ki tafi da jaririyar kawai.